Jinyar Mai Ciwon Dajin Hanji a Gida: Daga Ranar Sallama Zuwa Bayan Kemo

Kwanakin da mai ciwon dajin hanji ke yi a gadon asibiti kaɗan ne idan aka gwada da waɗanda yake yi a ɗakinsa. Tiyata takan ci mako ɗaya ko biyu, kemo kuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zuwa ɗaya ne a kowane mako 2 ko 3. Sauran lokacin duk a gida ne, a hannun mata ko miji ko 'ya'ya, kuma a nan ne magani ke ɗorewa ko ya rushe. Masu jinya nake wa wannan rubutun, domin su san abin da za a iya yi wa haƙuri da abin da ba ya kwana.

Bari in fara da maganar da ke hana mutane fara maganin tun farko. A Kaduna, kamar sauran garuruwan Arewa, an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar wuƙar likita ko allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Ba haka ba ne, amma akwai dalilin da ya sa maganar ta kama. Mutum yakan shafe watanni yana ganin jini a bayan gida, ana ce masa basir ne ko atuni, ana ta ba shi jiƙo, sai hanji ya toshe sannan a garzaya asibiti. Kafin nan ciwon ya riga ya kai hanta ko huhu. Idan aka yi aiki bai tashi ba, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Dajin hanjin da aka kama da wuri, tiyata ce babban maganinsa, kuma mutane da yawa sun warke sarai ta hanyarta.

Makonnin farko bayan aiki

Likita yakan yanke sashen hanjin da ke da ciwon tare da 'yan kaluluwar da ke kewaye da shi, sannan ya haɗe bakin hanjin biyu ya ɗinke. Abin tsoro a kwanakin farko shi ne wannan ɗinkin na ciki ya yi yoyo. Yakan faru ne cikin makon farko, wani lokaci bayan an sallami mutum. Alamarsa ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, kumburin ciki, ko amai kore. Wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a koma sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Haka ma idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, domin jini na iya daskarewa a jijiya bayan babban aiki.

Tausayi kan sa a hana majiyyaci motsi, kuma kuskure ne. Ya riƙa tashi yana zaga tsakar gida sau da yawa a wuni, yana ƙara nisa a hankali. Abin da aka hana shi ne ɗaukar nauyi: jarka, bokitin ruwa, jan guga, daka, goyo, har tsawon mako 6 aƙalla, wasu likitocin kan ce wata 3. Duk abin da ya fi buta cike da ruwa nauyi a bar wa wani. In zai yi tari ko atishawa, ko zai shiga keke a hanya mai gargada, ya danne wurin ɗinkin da matashi.

Idan an fito da hanji ta ciki

Wasu sukan farka daga aiki su tarar an fito musu da bakin hanji ta fatar ciki, an manna jakar da bayan gida ke zuba. Ma'aikatan asibiti na kiran wurin sitoma. Ga wasu na ɗan lokaci ne, a bar ɗinkin ƙasa ya warke sannan a mayar bayan wasu watanni, galibi in an gama kemo. Ga wanda ciwon ya sauko dab da bakin dubura, yakan zama na dindindin. Ku tambayi likita kai tsaye wanne ne naku, kuma daga wane hanji aka fito da shi, domin kulawar ta bambanta. Na babban hanji yawanci a hagu yake, bayan gidansa da kauri. Na ƙaramin hanji yawanci a dama, ruwa-ruwa ne, ba ya tsayawa, kuma yana cin fata.

Lafiyayyar sitoma ja ce mai danshi, kamar cikin kumatu. Ba ta jin zafi in an taɓa, kuma ɗan jinin da kan fito a jikin auduga lokacin gogewa ba komai ba ne. Amma in ta yi duhu ko baƙi, ko jini na fitowa daga cikinta yana taruwa a jaka, a tafi asibiti nan take. Majinar da kan fito ta dubura lokaci-lokaci ba matsala ba ce, ragowar hanjin ne ke aikinsa.

A juye jakar idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, kada ta wuce rabi, domin nauyi ne ke ɓamɓare ta. Canjin gaba ɗaya kuwa bayan kwana 3 zuwa 4, ko da zarar an ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙarƙashi, wanda ke nufin ƙazanta ta shiga. Lokacin da ya fi dacewa da sassafe ne kafin a ci komai. A tanadi komai kusa, a ɓare tsohuwar daga sama zuwa ƙasa a hankali, ana danne fatar da yatsa. A wanke da ruwan ɗumi kawai, a busar sosai. Ban da Vaseline, man kaɗanya, sabulu mai maiƙo, sifirit ko Dettol: mai yana hana mannewa, sauran kuma suna ƙona fata. Gashin wurin a rage shi da almakashi.

Yankan ramin jakar shi ne inda aka fi kuskure. Ya fi sitomar faɗi da milimita 2 zuwa 3 kacal. In ya yi faɗi, bayan gida zai kwanta a kan fata ya saɓule ta, in ya matse zai yanki hanjin. Sitoma takan yi ta raguwa har mako 6 zuwa 8 bayan aiki, don haka awon makon farko ba zai yi a mako na biyar ba, sai an riƙa sake aunawa. Kafin mannawa a ɗumama gindin jakar tsakanin tafin hannu, a manna daga ƙasa zuwa sama, a dafe shi da hannu minti ɗaya cur. Sannan a juya bayan tsohuwar a duba: inda ƙazanta ta bi zai nuna muku gefen da ke yoyo, sau da yawa wani lanƙwason fata ne da ke fitowa in mutum ya zauna.

Jakar tana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke da ita ba. A nemi irin wadda ake buɗe gindinta a juye, a sayi wata tun da sauran uku ko huɗu a hannu, a ajiye su inda zafi ba ya kaiwa, domin zafin ɗakin kwano a watan Maris da Afrilu yana lalata gam ɗin. Wanda rashi ya tilasta masa amfani da leda da filasta kada ya ɓoye wa nas. Babu abin kunya a ciki, kuma ita ce za ta nuna yadda za a kare fatar kafin ta zama gyambo.

Mai sitomar ƙaramin hanji babban abokin gabansa ƙarewar ruwa ne, domin babban hanjin da ke tsotse ruwa da gishiri an tsallake shi. A yanke wuyan babbar robar ruwa mai cin lita 1.5 a riƙa juye jakar a ciki ana aunawa. In abin da ya fito cikin awa 24 ya cika robar, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ƙoda na cikin haɗari. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ɗirkar zallan ruwa ko shayi ko lemo a wannan hali ƙara fitar yake yi, yana wanke gishirin jiki. A maye gurbin wani kaso da ruwan ORS, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. In babu, ledar fiya wata guda 2, wato lita 1, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a kuma sanar da likita a ranar.

Abincin da ke kaurara bayan gida shi ne farar shinkafa, tuwon shinkafa, ayaba, dankalin turawa, taliya da burodi. Wanda ke iya toshe sitomar ƙaramin hanji, musamman a watanni 2 na farko, shi ne mai tauri ko zare: aya, gyaɗa, kwakwa, gasasshiyar masara, guguru, mangwaro mai zare, ɓargon lemo, kwaɗon rama ko zogale da ba a tsinke itatuwansa ba. Daga baya ana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan, da tauna mai kyau. In fita ta tsaya cak na awa 6 tare da murɗar ciki ko amai, a daina cin abinci a nufi asibiti, kuma kada a ba shi maganin wankin ciki.

Salla na damun mutane ƙwarai, har wasu su ƙaurace wa masallaci. Malamai sun sanya mai wannan jaka a babin mai yoyon fitsari, wanda abin ke fita ba da ikonsa ba, kuma akwai sauƙi bayyananne a kansa. A juye jakar kafin alwala, a je wa malamin da aka amince da shi a yi masa bayani dalla-dalla. Jakar da ta manne daidai ba ta wari, ba a kuma ganinta a ƙarƙashin riga, ko a sahu ko a coci. Azumi kuwa, mai shan kemo da mai sitomar ƙaramin hanji kada su ɗauka sai likita ya yarda, marar lafiya an ba shi rangwame.

Kemo

Idan gwajin naman da aka cire ya nuna ciwon ya taɓa kaluluwa, akan fara kemo cikin mako 6 zuwa 8 bayan aiki, a yi wata 3 zuwa 6. Tsari biyu aka fi bi. FOLFOX duk ta ƙarin ruwa ne, kowane mako 2. CAPOX kowane mako 3: a ranar farko a sa okzalifilatin ta jijiya, sannan a sha ƙwayar kafesitabin, wadda aka fi sani da Xeloda, safe da yamma na kwana 14, a huta kwana 7. Waɗannan ba su cika zubar da gashi ba. Kafin kowane zagaye akan gwada jini, in ya yi ƙasa a ɗaga da mako guda, kuma wannan ba alamar magani ya ƙi ba ne.

Kafesitabin kemo ce cikakkiya duk da ana shanta a gida. Da nauyi da tsawon mutum aka lissafa yawanta, saboda haka ba a ƙari ba a ragi. A sha da ruwa cikin minti 30 bayan cin abinci, tazarar kusan awa 12. Ba a daka ta, ba a fasa ta. In an manta ba a ninkawa, in an yi amai ba a sake sha. Mai jinya ya zazzage ta a murfi, kada ya riƙa damƙa da hannu, a kuma ɓoye wa yara. Ga wani abu da ake yawan faɗawa ciki da kyakkyawar niyya: a ga majiyyaci ya ɗashe a sayo masa maganin ƙarin jini. Da yawansu na ɗauke da folik asid, shi kuma yana ƙara wa wannan ƙwaya dafi. Kada a ba shi sai likitan daji ya duba kwalbar. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, shi ma ya faɗa tun kafin a fara.

Akwai lokutan da ake dakatar da ƙwayar kafin ma a samu likita: gudawa da ta ƙaru da sau 4 a wuni a kan yadda aka saba ko take tashin mutum da dare, gyambon baki da ya hana ci, tafin hannu ko ƙafa da ya kumbura yana zafi ko tsagewa, da ciwon ƙirji. In waɗannan suka zo da ƙarfi tun kwanakin farko na zagayen farko, wataƙila mutumin na cikin 'yan tsirarun da jikinsu ba ya iya narkar da maganin, kuma gaggawa ce. Imodium, maganin tsayar da gudawa, na taimakawa yadda likita ya tsara, amma ba a shan sa in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida. Duhun da tafin hannu kan yi a fatarmu ba abin tsoro ba ne. A riƙa shafa mai safe da dare, a guji ruwan zafi, wanki da takalmi mai matsewa. Wasu zanen yatsunsu kan shafe na ɗan lokaci, don haka mai hulɗa da banki ko tantancewar fansho ya karɓi takardar likita ya ajiye.

Okzalifilatin ba ya shiri da sanyi. Kwanaki kaɗan bayan an sa shi, taɓa ƙarfe mai sanyi ko shan ruwan firji kan sa yatsu su yi tsam, maƙogwaro ya ji kamar an shaƙe shi. Yana firgitarwa, amma ɗumi na kwantar da shi. Da hunturun Disamba da Janairu a ɗumama ruwan alwala tun asuba, a sa safa, a rufe baki da hanci kafin a fita. Zoɓo da kunun aya masu ƙanƙara a haƙura da su. Wanda ya fi muhimmanci shi ne mutuwar yatsu da ba ta wucewa tsakanin zagaye da zagaye, har ɓalla maɓalli ko jan carbi ya gagara, ko silifa ya fice mutum bai ji ba. A faɗa wa likita kafin a sa na gaba. Ɓoyewa don kada a rage magani na iya barin mutum da lahani na shekaru, alhali ana iya rage wannan ɗin a ci gaba da ɗayan.

Zazzaɓi shi ne inda na fi so a saurare ni. A nan duk zafin jiki maleriya ce, a aika kemis a sayo magani a kwanta. Ga mai kemo wannan na iya zama ajali. Fararen ƙwayoyin jinin da ke kare jiki kan faɗi ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14, ƙwayar cuta ta shiga jini ta kayar da mutum cikin awowi. A sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai 38, ko mutum na rawar ɗari, ko ya fara ruɗewa, a kai shi babban asibiti mafi kusa, irin su Barau Dikko, a faɗa tun daga ƙofa cewa yana kan kemo da ranar da aka sa na ƙarshe. A gwada maleriya, amma a ƙirga jinin kuma. A auna zafin kafin a ba da Panadol, domin yana rufe alamar.

Saboda wannan raunin ne ake guje wa nonon da ba a dafa ba, ɗanyen salak na waje, tsiren da ya huce, aska ɗaya da wasu, da ƙaho ko tsaga, tun da jinin ma ba ya saurin tsayawa. Ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 ya fi a ajiye masa malmala ya ƙura mata ido: kunun gyaɗa, ƙwai, kifi, farfesun kaza, alale. Baki kuma a riƙa kurkure shi da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a lita, da buroshi mai laushi. Addu'a ba ta karo da magani ko kaɗan. Jiƙe-jiƙe ne ke karo da shi, domin hanta da ƙoda ɗin da ke fama da kemo su ne za su ɗauki wannan nauyin, wasu kuma gudawa suke sawa. Ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa, kada a ware masa nasa. Ma'aurata dai su hana ɗaukar ciki lokacin kemo da bayansa har tsawon watannin da likita ya faɗa, mai shayarwa kuma ta dakata.

Mai ciwon a dubura sau da yawa akan yi masa gashi da na'ura kafin tiyata, ko na kwana 5 ko na mako 5 zuwa 6. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja su ne mafi kusa da mu cikin manyan cibiyoyin wannan aikin. Na'urorin kaɗan ne a faɗin ƙasar, don haka a tabbatar da rana kafin a kama hanya.

Kuɗi na katse magani fiye da illar magani. Tun kafin zagayen farko a sa likita ya lissafa kuɗin duka, har da gwaje-gwaje da mota, dangi su zauna a raba. Masu zuwa dubiya da katan ɗin lemo, da kuɗin suka zuba a asusun maganin da ya fi. In abin ya gagara a faɗa wa likita, kada a raba ƙwayar kwana 14 ta kai wata. Tun 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke da shirin rage farashin magungunan kemo a wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Shika, a tambayi kantin maganin asibitin ko naku na ciki. Mai inshorar NHIA ko KADCHMA ya bincika abin da suke ɗauka. Maganin da aka sayo a waje a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a nuna wa mai haɗa magani na asibiti.

Bayan an gama

Gajiya takan ɗauki watanni. Wanda aka yanke wa dubura aka haɗe yakan yi ta zaryar banɗaki, ya fito ya koma, wani lokaci ya kasa riƙewa. Yana sauƙi a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma atisayen matse dubura, a riƙe a saki sau 10, sau 3 a wuni, na taimakawa. Raunin kusantar iyali ma kan biyo bayan wannan aiki ga maza da mata, likita ya saba ji, akwai kuma abin da zai iya yi. Wanda ya daina magana, ya daina barci, ya ƙi fita, shi ma a faɗa, baƙin ciki mai tsanani ciwo ne da ake magancewa.

Tafiyar ƙafa ba ƙaramin abu ba ce. Wani babban bincike da masana a Kanada suka jagoranta, aka wallafa a 2025, ya nuna cewa waɗanda suka riƙi motsa jiki a tsare bayan kemon dajin babban hanji, ciwon bai dawo musu kamar sauran ba, kuma sun fi tsawon rai. A rage jan nama, a bar taba da giya.

Bibiya shekara 5 ce, kuma in ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekaru 3 na farko. Akan yi gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, kowane wata 3 zuwa 6, da hoton siti sikan yadda likita ya tsara, da leƙa hanji da kyamara bayan shekara ɗaya. Wanda toshewa ta hana a leƙa hanjinsa duka kafin aiki, a yi masa cikin wata 3 zuwa 6 bayan aikin. A tara duk takardu a jaka ɗaya, musamman sakamakon gwajin nama. 'Ya'yan majiyyaci da 'yan'uwansa na jini su ma su fara leƙa hanji a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga. In an gano na uba yana da 45, 'ya'yansa su fara a 35.